Tarin da Yaya Barau Ya Zaɓa Mana

Ranar da sakamakon gwajin maigidana Malam Ishiyaku ya fito a asibiti a Birnin Kudu, a kan benci aka bar ni. Ni ce mai wanke tasar kakinsa, amma wansa, Yaya Barau, shi ya kutsa ɗakin likita da babbar riga, wai a gidansu babba ke karɓar magana. Ya fito yana gyara hula ya ce, "Tarin fuka ne. Ana warkewa."

Muka koma Gwaram har da hamdala. Da yake kowa ya san ana ɗaukar tarin fuka, kafin magariba an ware wa Malam kofinsa da kwanonsa, an mai da shimfiɗarsa shagon zaure. 'Yarmu Basma, wadda ba ta barci sai a ƙirjinsa, aka kai ta Farin Dutse wurin innata. Shi da bakinsa ya ce a tafi da ita, fuskarsa na kallon bango. Mutumin da ya yi shekaru yana jan bas zuwa Kano, yana cika tasha da surutu, sai ga shi ana yi masa sannu daga nesa. Damina ta zo ta wuce a haka, kullum yana ƙara ramewa.

Da muka koma asibiti, Allah ya sa Yaya Barau ya yi tafiya. Aka tura Malam ɗaukar hoto, ni kuwa na tambayi likitar yaushe zai daina yaɗa cutar, yarinya ta dawo.

Ta ajiye biro. "Hajiya, ba a gaya muku ba? Ciwon daji ne na huhu. Ba a ɗaukarsa. Kuma ya yi nisa, maganin rage raɗaɗi muke ba shi. Wansa ya ce shi zai sanar da ku a hankali."

A hankali! Wallahi tun da nake ban taɓa jin na tsani mutum irin ranar ba.

Washegari Yaya Barau ya dawo, ya shigo zaure da ledar lemo, na tare shi a gaban ƙaninsa.

"Yaya, faɗa masa abin da likita ta ce, ko ni in faɗa."

"Ke Juwairiyya, ba ki da hankali? Tausayinsa na ji. Ki bar manya da maganarsu."

"Manya? Sau nawa ka kwana kana jin tarinsa?"

Ya ɗaga murya, na ɗaga tawa, na kuma faɗi sunan ciwon ƙarara. Malam ya ɗago kai ya dube ni.

"Ba a ɗauka?" ya ce.

"Ba a ɗauka, Malam."

Ya juya ga wansa. "Yaya, mutuwa ta Allah ce, ban ji haushinta ba. Amma wa ya ba ka damina guda daga cikin abin da ya rage mini? Hau babur ka ɗauko mini 'yata."

Da la'asar ya kawo ta. Malam ya yunƙura ya zauna, ya miƙa hannuwa biyu yana dariya. Basma ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ƙasusuwan nan, ta ja hijabinta ta toshe hanci.

"An ce kar in taɓa Baba," ta ce, ta ɓuya a bayana.

Bai sauke hannuwan ba sai da suka fara rawa.