Matar da Ta Wanke Tattasai

Shugaban makaranta, Malam Trajan, bai ɓoye wa Malama Zagorka komai ba. Ya ce in 'yan aji uku ba su karanta littafin adabin bana ba kafin ƙarshen Satumba, zai karɓe ajin ya ba mai yi musu shifta, ita ta koma gadin ɗakin karatu. Abin ya yi mata ciwo, don tana son yaran nan duk da taurin kansu. To amma wa zai zauna da shafi ɗari uku a garin Strumica a watan tattasai? Kowane gida hayaƙi ke tashi, ana gashi ana ɓara ana tuƙa aivar, wato miyar gasasshen tattasai da za a ɗura a kwalabe saboda hunturu, yara su zo aji da baƙin farce suna gyangyaɗi.

Sai ta ce musu darasin Asabar a tsakar gidanta za a yi. A babi na huɗu na littafin akwai wata mata, Cveta, da ke haɗa aivar, su ma za su haɗa shi daidai yadda marubucin ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Doka ɗaya ta kafa: mai karanta wa jama'a ba ya ɓarar tattasai.

Ai kuwa ranar ta sha kallo. Yaran da ko bangon littafin ba su taɓa ɗagawa ba, sai ga su suna kokawa a kansa. Ognen, ƙaton nan mai barci a bayan aji, ya rantse shi aka haifa don karatu. Vesela ta ce masa muryarsa sai ka ce tarakta na hawan tudu, ta fizge littafin ta ci gaba. Tana cikin karatu ta zo inda Cveta ta kwashe gasasshen tattasanta ta zuba a ruwa ta wanke.

Hannaye suka tsaya cak.

"Sake karanta wurin nan," in ji Ognen. "Da ruwa fa kika ce?"

Duk ɗan garin nan ya san gasasshen tattasai ba ya shiga ruwa. Da yatsa ake ɓare shi, ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ƙanshin hayaƙin ya tafi. Kakar Ognen shekara biyu ta yi ba ta gaisa da maƙwabciyarta a kan wannan. Malama ta ce doka doka ce, aka wanke rabi, aka tuƙa, aka shafa a burodi. Salam, ba daɗi ko kaɗan! Nan take suka yanke hukunci cewa marubucin nan bai taɓa leƙa madafa ba, kowa ya tafi gida da littafi don ya tono sauran ƙaryarsa. Malama ta san abin da ke gaba, amma ta bar su su gano da kansu.

Ranar ƙarshen wata Malam Trajan ya shigo ajin. Da gangan ya zaɓi Ognen, ya ce ya ji wai sun kama marubuci da laifi.

Ognen ya miƙe. "Mu ne da laifi, Malam. Sai a babi na sha tara ake ganewa. Ranar da Cveta ta wanke tattasan nan ce motar soja za ta tafi da ɗanta da la'asar, ita kaɗai ce kuma a gidan. Ta fi mu sanin ba a wankewa. Ta wanke ne don ta gama da wuri, ya samu ko kwalba ɗaya ya tafi da ita."

Daga nan ajin ya kaure da gardama. Vesela ta ce da maƙwabta sun taya ta da hakan bai faru ba, wasu suka ce girman kan Cveta ne ya hana ta nema, kowa na buɗe shafi yana nunawa. Malam Trajan ya buga tebur har sau biyu, ba wanda ya ji shi. Farin ciki ya cika Malama har idonta ya kawo ruwa.

Ya matso kusa da ita, ya rage murya. "Ajinki ne, Malama. Amma ɗan Cveta ɗin, ya dawo kuwa?"

'Yan layin gaba suka ji, suka ce kada wanda ya kuskura ya faɗa masa. Ognen ya taho ya danƙa masa littafinsa, duk ya sha mai da jan tattasai.