Rabin Rufi a Gangaren Tudu

Kunya ce ta jawo wa Catherine, ba wani abu ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Malamar firamare ce a Keffi, mijinta Haggai ya rasu shekara biyu ke nan. Ya bar mata gida mai ɗaki biyu a Gangaren Tudu, na bulon ƙasa, wanda ya gina da hannunsa. Babban ɗakin nasu ne, ƙaramin kuwa nan ta kwantar da mahaifiyarta, Mama Filomina, da ta ɗauko daga Panda bayan ɓarin jikinta ya shanye. Kwanon rufin ya yi tsatsa ya ɓuɓɓule, katakon gara ta cinye shi. Ga watan Afrilu ya kama, kowa na dakon ruwan farko.

Da ta kwashi adashinta sai ta nufi Baba Malachi, kafinta kuma dattijo a cocinsu. Shi ya yi wa Haggai akwatin gawa, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya zo ya zagaya gidan, ya ɗaga kai, ya ce, "Maman Victor, dubu ɗari huɗu. A ba da uku kafin alƙalami."

Tambaya ta zo mata har baki: kuɗin nan na mene ne da mene ne? Amma ta yaya za ka titsiye mutumin da ya binne maka miji kyauta? Ta haɗiye, ta ce, "To Baba, Ubangiji ya saka." Ta miƙa.

Duk wanda ya taɓa gini a garin nan ya san kafinta katako da ƙusa da ladan hannunsa yake faɗa, kwano kuwa mai gida ke saye. To ita ina ta sani? Haggai ne mai wannan harkar, ita abinci kawai take kai wa ma'aikata.

Ranar Litinin aka yaye rufin kaf. Ana sauke tsohon kwanon sai ga Ubale ɗan gwangwan da baronsa, ya taya, ta sallama, har tana murna ta rabu da tarkace. Talata aka ɗora sabon katako, fari sol, gwanin sha'awa. Laraba da hantsi Baba Malachi ya sauko daga tsani yana share zufa.

"Maman Victor, mu mun gama namu. Yaushe kwanonki zai iso?"

"Kwanona?"

"Bandir biyar ai. Ko ba ki saya ba tukuna?"

Ta ce, "Baba, ba ya cikin kuɗin?"

Dattijon ya tsaya da guduma a hannu. "Wayyo 'yata. Me ya hana ki tambaya?"

"Nauyinka na ji."

"Ni ma nauyinki na ji. Na ga in na zauna ina lissafa miki abu ɗaya-ɗaya, kamar ina ciniki da matar ɗana ne."

Kun ji fa! Mutum biyu masu mutunci, kowa na kare fuskar kowa, sun bar gida a buɗe. Ta ɗaga kai, ta ga gabas ta fara haɗa baƙi.

Tsoro ya kama ta sosai. Bangon ƙasa ba ya wasa da ruwa ta sama, in ya sha ya jiƙe, zubewa yake yi. Ta hau acaɓa zuwa wajen Ubale don ta karɓo tsohon kwanon, ya ce ai tun jiya mota ta kwashe kayan. Ta kira shugabar adashi, aka ce sai zagaye ya dawo. Albashi kuwa sai ƙarshen wata, in ma an biya. Tana tafe tana waigen sama, iska na kaɗa mata ɗankwali.

Da ta dawo, Baba Malachi ya ce ta bar cikon kuɗinsa, ta sayi kwano da shi. Ta haɗa da abin da Ubale ya ba ta, ta ruga shagon Obiora mai kayan gini. Ya danna na'urarsa ya ce, "Madam, bandir ɗaya da rabi." Ta roƙa, ya ƙara mata falle biyu, ya ce iyakar ƙoƙarinsa ke nan.

Baba Malachi ya auna da ido ya ce, "Ƙaramin ɗaki kawai zai rufu."

"A rufe na Mama," in ji ta, ba ta ko kalli babban ba.

Suka hau bugu, gudumomi na tashi kamar ana tsere, su da hadari. Ita da maƙwabta suka yi ta jidar kaya daga babban ɗakin, katifa, akwatuna, takardun makaranta. Aka aro tampol daga coci aka shimfiɗa a kan katakon, aka ɗaɗɗaure. Ana buga ƙusar ƙarshe wajen la'asar iska ta taso, ta ɗauke tampol ɗin ɗungurungum ta jefa bayan gidan wani.

Sai ruwa ya kece.

Catherine ta zauna a bakin gadon mahaifiyarta, kaya jibge har wuya, ko ɗigo ɗaya bai sauko musu ba. Ta ƙofa tana hango babban ɗakin, ruwa na zuba cikinsa kai tsaye, jan taɓo na gangarowa ta jikin bango yana bin tsakar gida. Ta yi ta addu'a ya tsagaita. Awa ɗaya, awa biyu, bai tsagaita ba.

Can sai ta ji wani nauyi ya faɗi, tim, ƙasa ta amsa.

Mama Filomina ta juyo da ƙyar. "Katarina, mene ne wancan?"

Ta gyara wa tsohuwar bargo, hawaye na bin fuskarta, ta ce, "Bangon Haggai ne, Mama."