Ki Ce Mata Ta Zauna

A aji abin ba wuya. Malama takan rubuta umarni a allo da Turanci, yara su mayar da shi labari: ya umarce ni in tashi, ta roƙe shi ya zauna. A gidan iyayenta ne ilimin ya ƙi ci.

Tun da Baba da Mama suka daina magana, ita ce ta zama waya tsakanin falo da ɗaki. Ita kuwa, da shegen son gyara, ba ta taɓa kai saƙo yadda aka ba ta ba. In Mama ta ce, "Ki ce masa ya kashe rediyon nan," sai ta je ta ce Mama na roƙo a ɗan rage murya. In Baba ya ce, "Ki ce mata ta nemo min tabarau," sai ta liƙa masa don Allah a gaba.

Ran nan ta dawo daga makaranta, alli duk a hannun riga, ta tarar da kayan Mama a ninke bisa gado.

"Ki ce masa ya sauko min da akwatina daga kan kabad."

Kan Malama ya ɗaure. Umarni ne wannan? Barazana? Ko roƙo ne da ya sa rigar faɗa? Ta juya shi ta ko'ina, ba ta ga inda za ta shafa mai ba. Haka ta kai shi ɗanye.

Baba ya daɗe yana kallon rediyon da ke kashe.

"Ki ce mata ta zauna. Ki ce na roƙe ta."

Da sauri ta koma ɗaki, ta isar da saƙon yadda aka ba ta. Mama ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke dai ba kya gajiya. Tun kafin a haife ki na san bakin mutumin nan, bai iya roƙo ba. Wannan ma naki ne, kamar sauran."

Malama ta rantse, ta sake rantsewa, a banza. Tsoro ya kama ta sosai. Ta koma falo.

"Baba, wannan ba ya aikuwa. Tashi ka faɗa da bakinka."

Ya tashi, ya taka har bakin ƙofa. Mama ta tsaya da zane a hannu tana jira. Ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Ki ce mata..."