Wasiƙar da Ta Cike Tarihin Farin Doki

Staf Wuyts na cikin yanka burodin zabibi ƙararrawar ƙofa ta buga. Talata ce, ƙarfe biyu. Griet Daems, mai bincike daga gidan tarihi, ta hawo bene da jiƙaƙƙiyar lema, ta wuce gaban zanen kamar kullum: farin doki ya ɗaga ƙafafun gaba a kan allon katako, mahayinsa ko fuska ba a ƙarasa masa ba.

Wata bakwai ke nan tana zuwa duk Talata. So take ta tabbatar ko wani babban mai zane na Antwerp ne ya yi shi da hannunsa. Ta bi sawun waɗanda suka mallaki dokin tun daga 1630, amma a 1890 sawu ya ɓace, bai sake ɓullowa ba sai a gidan kakan Staf. Tun rasuwar matar Staf, in ka cire mai karanta mitar gas, Griet kaɗai ke taka benen nan. Har aski tsohon yake yi ranar Litinin.

"Meneer Wuyts, kun sake duba akwatunan?"

"Na duba, 'yata. Sai takardun asibiti da hoton surukata. Ita kuwa ko kyauta aka ba gidan tarihi ba za su karɓa ba."

Ƙarya yake shararawa. Wasiƙar da take nema na aljihunsa, wadda shugabar wani gidan mata masu zuhudu ta rubuta: an bar musu zanen a 1890, su kuma suka ba kafintansu, kakansa. Ya san ranar da ya miƙa ta, ranar aikin Griet ya ƙare.

Yau ba ta yi dariya ba.

"An rufe maganar," in ji ta. "Shugabana ya ce babu takarda, babu zance. Za a rubuta ba a san wanda ya zana ba. Ni kuma an mayar da ni Ghent." Ta murza ido. "Wata bakwai a banza."

Tausayinta ya kama shi, kunya ta biyo baya. Ya zaro wasiƙar ya ajiye kusa da kofinta.

Ta karanta sau biyu.

"Tun yaushe take hannunku?"

"Tun babanki na rarrafe."

Ta dube shi, ta dubi burodin da ya jera a faranti, ta gane dalilinsa. Ta sunkuya ta sumbaci kumatunsa.

"Yanzu dole a kai zanen Brussels a gwada katakon. Wata shida, ko fiye. Juma'a za a zo ɗauka."

"Ke za ki zo?"

"A'a, masu mota ne. Sun iya aikinsu, kada ku damu."

Yana jin muryarta a bene tana waya, tana dariya, har ƙofar ƙasa ta rufe. Ya juyo wajen dokin.

"To," ya ce, "har da kai za ka tafi."