Auta Da Talotalon Maƙwabta

Talotalon maƙwabta ya hana Auta fita makaranta. Tun ranar da ya kumbura ya baje jela ya kore ta har bakin ƙofa, yarinyar nan ta ce ita da waje sai dai kallo ta taga. Lallashi an yi, faɗa an yi, duk a banza.

Umma kuwa, wadda sana'arta ke nan sa hotuna motsi a shafukan intanet, ta farka da dabara. Ta ture kofin shayi gefe, ta buɗe kwamfuta a teburin falo. Ta zana talotalo da jan maƙogwaronsa, ta rubuta umarni: duk taɓawa ɗaya, girmansa ya ragu kaɗan. Sannan ta zana Auta a gefensa, da kitsonta da jakar makaranta.

"Auta! Zo ki ga abin mamaki!"

Auta ta matso tana riƙe da zanin uwar. Umma ta kama ɗan yatsanta ta ɗora a kan allon. Talotalo ya ragu. Ta sake taɓawa, ya ƙara raguwa. Umma ta fara tafi tun kafin a je ko'ina.

Ashe garin sauri ta manta ta mayar da ma'aunin girman zane yadda yake bayan zana tsuntsun, don haka duk abin da aka zana bayansa ya bi sahu. Talotalo na raguwa, Auta ta cikin allo ma na raguwa, har su biyun suka lallaɓa can kusurwar sama suka zama kamar ƙwayar gero.

"Umma, na ɓace!"

"A'a, 'yar albarka, ni ce na yi shirme. Bari in gyara, shi kaɗai zai ƙanƙance."

Auta ta leƙa taga, ta dawo tana turo baki. "Ai na waje ba ya ƙanƙancewa. Ga shi can, ƙato."

Gaskiya kam yarinyar ta faɗa.

"To ni ki ƙara mini girma," in ji Auta.

Umma ta buga cinya. Ta raba zanen biyu, kowa da ma'auninsa, ta bar talotalo da girmansa, ta juya umarnin zanen Auta ya koma na ƙarin girma. Ta kuma kafa ƙafafun Auta ta cikin allo a ƙasa don kada ta sake zamewa kusurwa.

"Taɓa mu gani!"

Taɓawar farko, Auta ta cikin allo ta kai wa talotalo wuya. Ta biyu, ta kere shi. Daga nan ba mai tsayar da ita: tana taɓawa tana tsalle tana ihu, har kan hoton nata ya fice daga allon, sai takalma biyu manya da ɗan tsuntsu a tsakaninsu. Umma ta yi dariya har da hawaye.

Auta ta bar teburin ta saɓa jakarta. Ta buɗe ƙofa da kanta. Talotalo na nan bakin hanya, ya kumbura kamar kullum. Umma ta tsaya a baya tana kallo.

Yarinyar ta ɗaga ɗan yatsa ta taɓa ƙirjinta, ta sake taɓawa, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta wuce shi ba ta ko waiwaya ba.