Kwamin Baba Labbo

Duk Birnin Kebbi babu matar auren da ba ta san takun Sama'ila Duba-gari ba. A shekarun da garin ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, da an hango kakinsa a bakin lungu sai ka ji ana kifar da randuna ana share kwata. Mutum ne mai fara'a, amma in ya leƙa randarka ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, ko kai ne limamin unguwa sai ya tuntsurar da ita. Gida ɗaya kawai muryarsa ba ta fita, wato nasa, tun ranar da ya ɗauko mahaifinsa daga Argungu.

Baba Labbo masunci ne, a ruwa ya girma, a ruwa ya tsufa. Da matarsa ta rasu, sanyin ƙashi kuma ya riƙe masa gwiwoyi har ruku'u ya zama aiki, Sama'ila ya je ya yi ta magiya kafin tsohon ya yarda ya biyo shi. Ya dai biyo shi, amma zuciyarsa ba ta shigo motar ba. A ba shi tuwon shinkafa ya ce ya ƙoshi. A kai masa bokitin wanka ya tsaya yana kallonsa kamar an zage shi.

"Wanga ruwan alwala na," in ji shi. "Ni dai ku maishe ni ɗakina."

Kullum zancen ke nan. Sama'ila kuwa ya san ɗakin. Babu mai dafa masa, babu mai ɗaga shi in ya faɗi. Tsoron kada tsohon ya koma can ya ƙare shi kaɗai ya hana shi sakewa, har matarsa Laure ta fara ce masa ya rame.

Wani kwas da aka tura shi Sakkwato ne ya kawo dabara. A asibitin can ya ga ana zaunar da masu ciwon gaɓoɓi cikin ruwan ɗumi. Yana dawowa ya kira magini, aka gina kwami na siminti a bayan zaure, mai zurfin da mutum zai zauna ruwa ya kai masa ƙirji, aka kewaye shi da zana. Aka huda bango aka sa bututu, yadda Laure za ta dafa ruwa a rabin duro daga cikin gida ta tura, ba sai ta ga surukinta ba.

Ranar farko Baba Labbo ya shiga da gajeren wandonsa yana gunaguni. Can sai gunagunin ya ɗauke. Jim kaɗan Laure ta jiyo waƙar masunta tana tashi daga bayan zana, da wata murya da ba ta taɓa sanin tsohon yana da ita ba. Ta saki muciya ta ruga ta gaya wa mijinta. Ranar tsohon ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Labari ba ya kwana a unguwa. Malam Hodi, mai karantar da manya a zaurensa, ya zo dubiya ya ce shi ma ƙugunsa yana damunsa. Alhaji Riskuwa mai kantin kayan masarufi ya ce ai shi kafaɗa ce. Kafin wata ya ƙare sun zama ƙungiya. Da hantsi su shimfiɗa tabarma a bakin zanan, ɗaya ya shiga, biyu su zauna suna yi masa tsiya har ya fito. Baba Labbo yana ba su labarin giwan ruwan da ya taɓa jan jirginsa, kifin kuma kullum ƙara girma yake. Zancen komawa Argungu ya mutu murus, Sama'ila ya mayar da kumatunsa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. Ba a canja ruwan. Sabon mai zafi kawai ake turowa bisa na jiya, in an gama a rufe da fallen kwano. Ya durƙusa ya kawo maganar cikin ladabi.

"Baba, da ana zubar da ruwan nan kullum ana sa sabo..."

"A zubar? Dut wanga ruwa?" Tsohon ya kama baki. "Shekara nawa ina cikin gulbi, wa ya taɓa canja mai ruwa?"

Malam Hodi ya gyara zama ya ce a littafi, ruwa mai yawa in dai launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, mai tsarki ne. Alhaji Riskuwa ya ƙara da tsadar itace. Mutumin da ke sa manyan gari rawar jiki ya ce, "To, Baba," ya tashi sumui-sumui.

Ƙaiƙayin ya fara a hankali. Baba Labbo ya wayi gari da ƙananan ƙuraje jajaye a ciki da cinyoyi, daidai inda wando ke kama jiki. Ya duba su da kyau. Ƙazwa, ya ce a ransa, kuma da furfurarsa. Yara masu wasa a bola aka sani da ita, ba dattijo ba. Mafi muni, ga shi baƙo, ya shiga cikin mutanen kirki zai shafa musu. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya roƙi Laure kanwa wai cikinsa ke ɓaci, ya riƙa jiƙa ta da toka yana tuttulawa a kwamin da sassafe.

Abin da bai sani ba, Malam Hodi ma yana can yana fama. Shi ya ɗauka daga wajen masu ɗaukar karatu ya kwaso. Malami guda da ƙazwa! Ya dafa ganyen dogonyaro har ya yi baƙi, ya ɗura a butar alwala, in ya shiga bayan zana ya juye. Alhaji Riskuwa kuwa ya tabbata kuɗin da yake karɓa hannu-hannu ne suka jawo masa. Ya zaro kwalbar maganin wanke masai daga kanti, ya riƙa ɓoye ta a aljihun babbar riga. Shi ba ya yin abu kaɗan, rabin kwalba yake zubawa.

Shi ma Duba-gari bai zauna ba. Tun da an hana shi zubar da ruwa, sai ya riƙa zagayowa daga wajen aiki lokacin da babu kowa, ya ɗaga kwanon ya barbaɗa garin kulorin, irin wanda suke zuba wa rijiyoyi in an yi annoba. Da ya ga ruwan yana ƙara dagulewa sai ya ƙara hannu.

Ruwa ya koma wani abu mai kama da tsohon kunu, warinsa yana hawa kai. Kowannensu ya gani, kowannensu ya ji, kowa kuma ya ɗauka nasa maganin ne ya jawo, don haka ba wanda ya ce uffan. Fata ta bushe ta fara tsagewa, ƙaiƙayi ya zama raɗaɗi. Ka ga dattawa uku a kan tabarma, kowa ya ɗaure fuska yana zancen farashin albasa, wannan yana goga baya a bango wai gyara zama yake, wancan ya tura hannu cikin riga wai yana neman goro. A sahun salla kuwa, Allah kaɗai ya san haƙurin da aka yi.

Wata Laraba da la'asar Baba Labbo ya kira ɗansa zaure. Bai dube shi ba.

"Jibi za ni Argungu. Ka sama mani mota."

"Baba, wani abu anka yi maka?"

"Ba a yi mani komi ba. Zamana nan ya isa."

Sama'ila ya yi tambayar duniya, tsohon ya kafe. Sama'ila ya fito ya shiga gida ya zauna a kan turmi, ya rasa abin da ke masa daɗi. Duk wahalar nan ta tashi a banza, tsohon zai koma ɗakin nan shi kaɗai.

Laure ta dube shi ta ce, "Malam, ni kam akwai abin da ban gane ba. Kanwar da Baba ya karɓa wajena ta isa a yi wa unguwa guda kunu. Kuma bangon zaure, inda suka jingina, har ya yi sulɓi. Kai da ka leƙa randar kowa, ka leƙa ta gidanka mana."

Washegari da hantsi, kafin lokacin taruwarsu, Sama'ila ya dawo gida da gwangwanin kulorin a hannu. Yana ɗaga zana ya tarar da Alhaji Riskuwa a sunkuye, kwalba a kife bisa ruwa. Suka tsaya suna kallon juna. Kafin wani ya sami abin cewa, sai ga Malam Hodi ya shigo da sanɗa, rungume da buta tana ɗigar da baƙin ruwa. A bayansa Baba Labbo ne yake ɗingishi da ƙwaryar kanwa, yana so ya yi wa abokansa magani na ƙarshe kafin ya tafi.

Mutum huɗu a ɗan wurin da ba ya ɗaukar biyu, kowa da abinsa a hannu.

Baba Labbo ne ya fara magana. "Ku gahwarce ni. Ni na kawo muku ita. Shi ya sa za ni tahiyata, kada in ƙara ɓata muku jiki."

"Ka kawo mi?" in ji Malam Hodi.

"Ƙazwa."

"Kai! Ai tawa ta!" Malam Hodi ya naɗe hannun riga har kafaɗa. "Duba nan."

"Taku duka wasa ta," in ji Alhaji Riskuwa. Ya yaye babbar riga ya juya musu baya, sai ka ce an yi shuka an yi yabanya.

Sannan Malam Hodi ya fashe da dariya, irin wadda ɗalibansa ba su taɓa ji ba. Alhaji ya dafa bango yana tari. Baba Labbo ya zauna a bakin kwamin yana dariya hawaye na zuba, yana susa da hannu biyu a fili, ba ɓoyo. Ta cikin bututun nan kuma aka jiyo wata dariyar daga cikin gida, sai aka ji an toshe ta da zane.

Sama'ila ya duba ƙurajen ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙazwa ba ce, babu ita a tsakanin yatsu. Ruwan ɗumi ne da ya kwana ya tara dattin jikin mutum uku, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama, magungunan da aka yi ta antayawa kuma suka ƙone fatar. A nan ne, karo na farko a gidansa, muryar aiki ta fito. Ya ce yau za a zubar da ruwan nan, a goge kwamin da burushi, a bar rana ta gasa shi. Ba mai shiga sai fata ta warke, man kaɗanya kawai za a shafa. In an dawo, sabon ruwa kullum, kowa ya yi wanka da bokiti kafin ya shiga, kuma ba a zama har yatsu su yamutse. Kulorin ɗan kaɗan ne bisa awo, shi kaɗai zai riƙa sawa. Wanda ya sake shigowa da buta ko kwalba, zai ji daga gare shi.

Yana rufe baki ya tuna da wa yake magana, ya sunkuyar da kai.

"To, ranka ya daɗe," in ji Baba Labbo, dattawan suka sake kecewa.

Malam Hodi ya share ido ya ce shi a kan tsarki ya yi magana, ba a tambaye shi hukuncin ƙaiƙayi ba. Alhaji Riskuwa ya ce itace daga yau a wuyansa, in dai ba za a kai labarin nan kasuwa ba.

Sama'ila ya kwana da farin ciki. Amma da gari ya waye Juma'a, sai ya tarar da tsohon a zaure ya sa hula, sanda a hannu.

"Ina motar?"

"Baba, ai na ɗauka magana ta wuce."

"Na ce za ni Argungu, kuma za ni."

Ba a musu da Baba Labbo sau biyu. Sama'ila ya kai shi tasha a kan babur, ya sa shi gaban mota, ya tsaya har ta ɓace. Ranar bai leƙa randar kowa ba. Asabar dattawan biyu suka zo suka zauna a kan tabarmar, hira ta ƙi daɗi, suka tashi da wuri. Laure ta dafa tuwo, ta zuba a kwanon tsohon bisa sabo, sannan ta tsaya tana kallon kwanon.

Ran Lahadi da yamma wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida tana hon. Sama'ila ya fito da gudu ba takalmi. Baba Labbo ne a gaba yana ba direba umarni. A baya kuwa ga gadon ƙarfe, ga akwatin marigayiya, ga homa biyu na kamun kifi, ga ƙaton goran da yake shiga su da shi, wanda ya sha hannu har yana ƙyalli, ga busasshen kifi cikin kwando, har da tunkiya a ɗaure tana kuka.

"Tsaye kake? Kama mani in sauka."

Sama'ila ya riƙe shi ya sauko. "Baba, wannan kaya haka?"

"Na ba Kalilu ɗan ƙanena ɗakin, aure za ya yi. Mi zan yi da ɗaki biyu?"

Sama'ila ya juya ya rungumo goran nan don kada direba ya ga idonsa.

"Ina za a ajiye wannan, Baba?"

"Sama mai wuri mai kyau, inda rana ba ta bugu," in ji tsohon, yana shiga zaure da sandarsa. "Ba inda za ya sake zuwa."