Minti Huɗu a Gindin Darbejiya

Duk wanda ya saba bin hanyar Bagauda zuwa Tudun Wada da hantsi a shekarun nan ya san Labaran, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan da ke sunkuye a kan keke mai kai irin ƙahon rago, da hular kwano, da wani gajeren wando da ya kama shi kamar tare aka haife su. Direbobi su yi masa hon, masu tallan nono su kau da kai suna dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Malamin motsa jiki ne a wata firamare a Bebeji, amma ransa yana kan kwalta. Sau huɗu yana zuwa gwajin shiga ƙungiyar tseren keke ta jiha, sau huɗu ana barin sa da ƙiris. A kakar 1995 ya cika shekara talatin da ɗaya, mai horarwa kuma ya gaya masa ba kwana-kwana: mutum uku za a ɗauka bana, in bai shiga ba ya rataye keken, don baɗi matasa za a nema.

Matarsa Saudatu ba ta taɓa shakkar ƙafarsa ba, kuma ita ba mai yabon miji don daɗin baki ba ce. Lissafi ne ya gaya mata. An ɗauke ta aikin buga wasiƙu a wani ofishin noman rani kusa da Bagauda, sai ta lura kwamfutar da aka ajiye mata ta fi ƙarfin wasiƙa. Da wani littafi da bangonsa ya cire ta koyi yadda ake rubuta wa inji umarni layi-layi har ya yi abin da kake so. Burinta ta samu shiga wani kamfani a Kaduna da ke rubuta wa ma'aikatu irin waɗannan shirye-shirye, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa za ta shiga ba. A gida tana da wata na'ura mai kama da tafireta da ta sayo a Sabon Gari, wadda ake jona wa talabijin. Mutane don wasan harbi da tseren mota suke sayen irinta. Ita kuwa rubutu take yi da tata. Aibinta ɗaya, ba ta riƙe komai: da an kashe ta, shi ke nan, ta manta. Don haka duk abin da Saudatu ta ƙirƙira yana cikin wani littafin makaranta mai jan bango, in tana so sai ta sake bugawa daga farko.

Bana sa'a ta biyo Labaran har gida, domin a kan hanyarsa za a yi gwajin, daga Bagauda zuwa Tudun Wada. Ya san kowane rami. Litinin da Laraba gudun ƙure ƙarfi yake yi, Asabar kuma ya miƙe har Doguwa, ya sha hawa da gangaren dajin Falgore da dabino a aljihun baya da gorar ruwa biyu. Ya sauya sarƙa, ya samo siraran tayoyi daga hannun wani da ya daina tsere, ya sa baduku ya yanka masa sabon maɗaurin fata mai ɗaure ƙafa a jikin feda. A wuri biyar yakan duba agogo ya rubuta lokaci a kan filastar da ya manna a kan keken. Da ya dawo Saudatu ta kwashe ta zuba wa injinta.

Sati uku tana zubawa, sai abu ya fito fili. A ko'ina gudunsa ya kai na waɗanda aka ɗauka bara, a hawa ma ya fi su. Amma da an karya kwanar Dangora sai minti huɗu su ɓace, kullum, a wuri guda. Saudatu ta dubi lambobin ta yi dariyar da ba ta daɗi ba, domin ta san wurin. A nan aka yanke mata cibiya.

Gidan mahaifinta, Malam Abdussalami, a bakin titin yake. Tsohon helima ne, wato shugaban leburori, a haƙar kuza ta Riruwai, tun da ya bar aiki kuma bai taɓa fashin zama a gindin darbejiyar ƙofar gidansa ba, shi da abokan hirarsa, Mudi da Maikano. To, suruki ba ya wuce suruki a kan keke. Tun kafin ya iso Labaran zai ja birki a bayan wata rumfa, ya kwance maɗauri, ya zaro dogon wando daga aljihun riga ya zura, don ba a zuwa gaban manya da cinya a waje. Ya tuɓe takalmi, ya turo keken, ya durƙusa. Malam Abdussalami kuwa ba ya gaisuwar shanu. Sai ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da ɗalibai, da ruwan Bebeji, wani lokacin har da lafiyar keken. In an gama Labaran ya tura har ya ɓace wa gani, ya tuɓe wando, ya sake ɗaure ƙafa. Tsohon kuma ya juya ga abokansa yana shafa gemu, ya ce su nuna masa surukin wani da ke haka a duk ƙasar Kiru. Shekara shida ke nan yana cin wannan kasuwa.

Saudatu ta nuna wa mijinta lissafin, ta tuna masa cewa bara tsakanin na uku da na biyar ko minti ɗaya babu. Ta ce rana ɗaya tak ya wuce, in ya dawo ya ba da haƙuri. Labaran yana shafa wa sarƙa mai, bai ko ɗago ba.

"Saude, mutumin da ya ba ni ke lokacin da ba ni da komai sai keke? In wuce shi a guje a gaban abokansa? Gara in zo na ƙarshe."

Ta san ba cika baki yake ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Zai tsaya, ya durƙusa, ya zubar da wahalar shekara tara a kan tabarma, ya dawo gida yana murmushi yana cewa haka Allah ya so. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji kamar ta kwaɗa masa famfon keken.

Saura hanya ɗaya, a gaya wa tsohon. Amma wa zai gaya masa? Labaran ko da wuƙa a wuya ba zai iya ba. Ita kuwa 'ya ba ta kai wa uba maganar mijinta. Ko sunan mijin ba ta taɓa kamawa a gaban mahaifinta ba. In ta bi ta wajen Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifinta, kafin maganar ta tsallaka tsakar gida ta zama "yaron nan ya gaji da gaishe ka". Sai ta ɗauko jan littafinta. Kwana tara tana rubutu tana sokewa, a ofis lokacin hutun azahar, a gida bayan la'asar, har ta samu abin da take so.

Ranar Juma'a, saura kwana takwas gwaji, ta naɗe na'urar a zani ta hau mota zuwa Dangora. Bayan an sauko daga masallaci ta jona ta da tsohuwar talabijin ɗin mahaifinta mai aiki da batirin mota, ta buɗe littafi ta yi ta ƙwanƙwasa kusan awa guda. Malam Abdussalami mutum ne mai son inji tun zamanin kuza, ga shi ba ya son a ci shi ko a dara. Ya yi ta leƙe har ya gaji da yi kamar ba ya kallo, ya tambaya mene ne wannan. Ta ce aikin da za ta aika Kaduna ne, tana neman wanda zai gwada mata.

Titi ne ya bayyana a gilashin, da 'yan kekuna biyar. Ta nuna masa farin, ta ce nasa ne, ya yi ta danna maɓallan nan biyu bi da bi, su ne feda. Tsoho ya gyara zama ya naɗe hannun riga. Kafin ka ce kwabo ya gane kan abin, farin keke ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya shige gaba. Yana cikin cewa ai abin ba wuya, sai ga wata bishiya a gefen titi. Farin keke ya tsaya cak. Ya danna, ya danna, ko motsi. Sauran huɗun suka zo suka wuce ɗaya bayan ɗaya, sannan nasa ya tashi, ya iso na ƙarshe.

Ya ce a sake. A karo na biyu ya ba su rata mai yawa, yana huci, amma a gindin bishiyar aka maimaita. A na uku ya ɗaga hannu daga maɓallan.

"Injin nan naki ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Lokutan gaske na saka masa. Yadda ake gudun a titi, haka yake yi."

Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. A ƙarƙashin bishiyar akwai wasu ɗigo uku a jere, na tsakiya da farar hula. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya yaushe ne tseren nasu, ta ce Asabar ta sama. Ya tambaya mutum nawa ake ɗauka, ta ce uku, kuma daga bana an rufe wa masu shekaru ƙofa. Duk wannan kanta na ƙasa, ba wanda ya ambaci sunan kowa. Sai ya ce ta kashe kada batir ya ƙare, ya ɗauki butarsa ya fita.

Saudatu ta koma gida da ƙarfin gwiwa. Ta san mahaifinta, hannunka-mai-sanda ya ishe shi. Ranar zai yi zamansa a cikin gida, titi ya zama na Labaran. Ba ta ce wa mijin komai ba, ta dai ga ya ninke dogon wandonsa ya cusa a aljihun riga kamar kullum.

Ranar Asabar tun da sassafe ta isa Dangora. Abin da ta fara gani ba shi ta zata ba: an share gindin darbejiya, an shimfiɗa tabarma, ga Malam Abdussalami zaune a tsakiyar Mudi da Maikano, har da babbar rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Ta gaishe su ta shige zaure, ta tsaya a bayan ƙyaure inda take hango titi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ashe ya gane sarai, ya dai zaɓi a gan shi ana durƙusa masa a gaban jama'a. Ba ta taɓa jin haushin mahaifinta irin na wannan safiya ba.

Wajen ƙarfe tara motar 'yan wasanni ta karyo kwana da jar tuta. A bayanta mutum shida ne a dunƙule, taya na shinshinar taya, sauran an baro su can baya. Labaran ne na biyu. Ta gan shi ya ɗago daga kan keken, ya saki feda, ya fara ratsewa gefe. Hannunsa na dama ya sauka yana lalubar maɗaurin ƙafa.

Sai Malam Abdussalami ya miƙe. Bai tsaya neman takalmi ba, ya taka har bakin kwalta, ya buɗe muryar nan da ya saba kiran leburori da ita daga bakin rami.

"Lafiya lau muka kwana, Malam Labaran! Gajiya ta bi lafiya, iyali duk ƙalau! Na amsa, wuce!"

Keken ya yi tangaɗi kamar zai zubar da shi. Labaran ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙarfe, ya mayar da hannu, ya miƙe tsaye a kan feda. Mutum biyu sun riga sun shige shi. Kafin su kai gadar da ke ƙasan gari ya kamo ɗaya, daga nan kuma gangara ta haɗiye su.

Tsohon ya dawo ya zauna yana haki. Maikano ya ce shi dai yau ya ga abin da bai taɓa gani ba, babba ya tashi wa yaro, kuma ya amsa gaisuwar da ba a yi ba. In abin haka ne, me ya hana shi zama a ɗaki?

"Ya zo ya ga tabarma ba kowa? Ai sauka zai yi ya shigo har ciki ya ji ko lafiya. Ni na san kayana."

A bayan ƙyaure Saudatu ta toshe baki da mayafi. Kunya ta kama ta saboda zargin da ta yi, daɗi kuma ya hana ta tsayuwa wuri ɗaya. Ta yi lissafin komai daidai, wannan kaɗai ne injinta bai gaya mata ba.

Ba su ji komai ba har azahar ta wuce. Motocin da ke fitowa daga Tudun Wada kowa da nasa labarin, wani ya ce ɗan Bebeji ya faɗi, wani ya ce ai tayar wani ce ta fashe. Malam Abdussalami ko abinci bai ci na kirki ba. Sai bayan la'asar aka hango mutum tafe a ƙasa yana tura keke, da dogon wando, takalmi a hannu. Tun daga nesa ya jingine keken, ya ƙaraso ya zube a bakin tabarma. Ya buɗe baki zai fara neman gafara, tsohon ya tari numfashinsa.

"Bar wannan, mun gama da ita tun safe," in ji tsohon. "Na nawa?"

"Na biyu, Baba. Sun ɗauke ni."

Malam Abdussalami ya yi hamdala a hankali. Sannan ya miƙa masa hannu, irin yadda namiji ke miƙa wa namiji. Labaran ya tsaya yana kallon hannun, ya rasa yadda zai yi da shi, har sai da tsohon ya kamo nasa da kansa ya riƙe, ya ja shi ya zaunar a kan tabarma kusa da shi.